Shuɗin da Ke Ƙarƙashin Makuba

Lahadi, 9 ga Mayu, 1999

Damina ta ƙarato, fuskar zaurenmu na son sabon yaɓe. Na ce makuba za a sake shafawa, kamar yadda marigayi Baba ya bar mana. A duk Yakasai babu gida mai kwarjinin namu: ja-ja mai duhu, zankwaye a tsaye, ga dagin da Baba ya zana da hannunsa a saman ƙofa. Sai ga ƙanena Zaharaddeen da wata takarda mai launukan fenti daga kasuwa. Wai shuɗi. Gidan malamai ne ko shagon aski?

Juma'a, 14 ga Mayu

Zaharaddeen ya ce, "Yaya Sabo, soja ma sun yarda za su sauka, kai kaɗai ka rage." Har matata ta yi dariya. Na ji haushi ƙwarai.

Litinin, 17 ga Mayu

Wai an yi zaɓe a tsakar gida. Kowa ya ɗaga wa fenti hannu, har masu goyo. Gwaggo 'Yardada, ƙanwar Baba, ba ta ɗaga wa kowa ba, tana ta ɓare gyaɗarta. Na soke zaɓen. Muddin ina raye, ba mai mayar da gidan ubana abin kallon 'yan acaɓa.

Alhamis, 20 ga Mayu

Nata'ala magini ya fara kankare tsohon yaɓe. Na tsaya a kansa don kada ya ji wa dagin ciwo. Ya sha faɗa yau.

Asabar, 22 ga Mayu

Da hantsi Nata'ala ya kira ni daga kan tsani. Ƙarƙashin makubar akwai launi. Shuɗi ne shar a cikin dagin, gefensa ruwan ɗorawa, ga wasu 'yan furanni da ban taɓa sanin suna nan ba.

Na ce ƙila aikin wani ne kafin Baba. Gwaggo ta fito da sandarta, ta daɗe tana kallo.

"Sabo, aikin ubanka ne. Da za a kawo uwarka Aminatu ya yi shi, da bula da farar ƙasa. Har daga Dala ake zuwa gani. Satin da ta rasu ya kwaɓa makuba ya rufe, kana rarrafe."

Na ce me ya sa ba a taɓa faɗa mini ba? Ta ce, "Ka taɓa tambaya? Kai dai umarni."

Ban san fuskar Inna ba, ko hotonta babu. Yau na san launin da aka tare ta da shi.

Lahadi, 23 ga Mayu

Ban fita ba.

Talata, 25 ga Mayu

Ashe abin da nake ta kira kwarjini makoki ne, ni kuma na gaje shi ina tinƙaho. Zaharaddeen, da yake ɗan ɗakin Hajiya ne, wadda Baba ya aura bayan Inna, sai ya ɓoye takardarsa. Yaron yana da kunya, a gidan nan ya koya.

Na hana Nata'ala taɓa wurin. Ya ce hadari ba ya jiran shawara.

Asabar, 29 ga Mayu

Rediyo na ta labarin rantsar da gwamnatin farar hula, unguwa ta cika da hayaniya. Ni ina kan tsani tun safe. Ba fentin gwangwani ba ne, a lura, bula ce da farar ƙasa, yadda Baba ya yi, don haka ba wanda ya kayar da ni. Jikin bango yana nan da makubarsa.

Masu wucewa na tsayawa. Wani dattijo ya tambaya gidan wa ake yi wa kwalliya haka, biki za a yi? Na buɗe baki in ce gidan Malam ne kamar kullum, sai na ji na ce, "Gidan Aminatu ne."

Gwaggo ta shige ciki da sauri. Furen hagu bai ji shuɗi sosai ba, gobe zan ƙara.