Idona Ba Ya Raba Ja Da Kore, Gumsu

Zuwa ga Gumsu, sanyin idanuna, inuwar gawo a tsakiyar rani, ruwan randa ga wanda ya sha tafiyar rana!

Ina miki sallama irin ta mai laifi a bakin zaure. Yau kwana goma sha biyu ke nan ba ki ɗaga wayata ba. Duk Keke Napep da ta tsaya a ƙofar shagona sai zuciyata ta buga, sai in ga wata ce ta sauko. Har yaushe, Gumsu? Har yaushe?

Kin tuna ranar da kika fara zuwa shagon nan na Bolewa karɓar katin walimar yayarki? Kika dubi kwamfutata kika yi dariya har gyalenki ya zame, wai na zana bishiya da jan ganye. Kika ɗora yatsanki mai lalle a kan allon, kina nuna mini inda zan gyara. Tun daga ranar, kowace Asabar sai kin taso daga Yerimaram kin zaɓa mini launukan katuna da na allunan talla. Mutane suna yabon aikina, ina amsa yabon, ina jin kunya a ciki.

Ga abin da na ɓoye miki shekara guda: idona ba ya raba ja da kore. Haka aka haife ni. Ranar bishiyar nan ba ganganci na yi ba, haka nake ganinta. Na ji tsoron in faɗa, kada ki ce wane irin mai zane ne wannan, kada ki yi mini kallon tausayi.

Shi ya sa na yi ta lalube a intanet har na samu shafukan da ke haɗa launuka. Wani in ka sa masa hoto, sai ya fitar da launi biyar, kowanne da lambarsa. Wani ma yana gaya maka ko rubutu zai fito a kan launin da ka shimfiɗa. Na yi murna kamar wanda ya ga hadarin farko na damina! Cikin ɗokin nan na ce miki, a gaban ƙawarki Rauda, yanzu ba sai kin riƙa wahalar zuwa ba. Wayyo bakina! Ni ina nufin na huce miki gajiya, ke kuma kika ji kora. Na ga yadda kika ɗauki jakarki kika fita.

Shafukan suna aiki, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma lamba suke ba ni. Wace lamba ce za ta gaya mini wannan shuɗin ya yi wa katin suna sanyi, ko wancan ruwan goron zai faranta ran uwar amarya? Wa zai yi mini dariya in na kuskure?

Ki yafe mini, farin watana. Ki zo ranar Asabar, ko faɗa ne ki yi mini. In kuma wannan lalurar tawa ta yi miki nauyi, ki faɗa mini da bakinki, zan ɗauka, amma kada ki bar ni cikin shirun nan. Na rantse ba zan sake ɓoye miki komai ba.

Naki, yau da gobe, har ranar da za a mayar da ni ƙasa,
Bilyamin