Kada a cike kududdufin bayan gida

Da sunan Allah nake farawa. Ni ne Yunusa Maiguwa, maginin Buza, a daminar shekara ta 1996. Ƙafafuna sun kumbura, likitan Madawa ya daina ɓoye mini gaskiya, amma hankalina garas yake. Ku ƴaƴana biyu, Mutari da Balkisu, kada ku karanta wannan da fuskar makoki, domin ni cikin murna nake rubuta shi.

Na ɗaya. Gida, gonar hanyar Tabotaki da awaki, a raba yadda shari'a ta ce. Uwarku Altine ta zauna ɗakinta har ranar da Allah ya kira ta.

Na biyu, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami: kududdufin bayan gida. Daga ramin nan kakanku ya ɗebi ƙasar da ya gina rabin unguwarmu. Mutari, na san wani ɗan kasuwa ya same ka, yana son a cike shi ya jera kantuna, kai kuma zuciyarka ta kwanta. Ban ga laifinka ba, iyali sun yi maka yawa. Amma na riga na fitar da ramin daga gado. Na mai da shi wakafi gaban liman da shaidu, ba a sayarwa, ba a rabawa.

Ga dalili. Bara da Balkisu ta zo hutu daga makarantar zanen gine-gine ta Lome, ta kwashe kwanaki tana yawo cikin ruwan sama, zane a ɗaure kamar mai zuwa sussuka. Mutane har suka fara yi mini jaje. Ashe hanyar ruwa take bi. Ta shimfiɗa mini takarda bisa tabarma, sai ga Buza gaba ɗaya kwance gabana, kowane lungu, kowace ƙorama da ke saukowa daga duwatsu, duk suna gangarowa cikin raminmu. Ta nuna mini gidajen da ruwa zai ci idan aka cike shi, kuma duka na talakawa ne. Ta zana itatuwa kewaye da bakinsa, da rumfunan mata masu sayar da tuwo, da mashayar dabbobi. Wallahi sai da na yi hawaye. Duk rayuwata ɗaki nake gani, katanga nake gani. Ɗiyata gari take gani.

Irin su ake kira arshitek. Da na ɗauka aikinsu zana wa alhazai bene ne a Yamai. Yanzu na gane zamani na zuwa da za a riƙa tambayarsu ina makaranta za ta zauna, ina inuwa, ina ruwa zai bi, kuma wanda ba shi da ko sisi ina zai kwana. Kaico, da ma in ƙara shekaru in ga wannan da idona.

Na uku. Cokalin gini, igiyar awo da akwatin buga tubali na ba Mutari kyauta tun yanzu. Hannunka ya fi nawa, na faɗa. Kai ka fara kama ginin tulluwa, rufin ɗaki na tubali zalla da ba ya cin itace ko guda, lokacin da ni nake tsaye nesa ina jiran ta faɗo. Ba ta faɗo ba. Ranar na hau samanta na yi tsalle kamar yaro, uwarku tana ta salati. Goribar da muke yanka azara ta ƙare a ƙasar nan, kwano kuwa yana dafa mutum da rana. Ka riƙe wannan gini, shi ne abincinka.

Na huɗu. Akwai alkawarin aiki a wuyana. Marta da ke aiki a asibitin mishan, matar marigayi Shadrak, na ce zan yi mata rufin ɗakinta, sai ciwo ya kayar da ni. Ita ta yi jinyata kamar ubanta. Ku je ku gama shi, kuma ko goro kada ku karɓa.

Na biyar. Gabar da ke tsakaninku ta ishe ni. Tun maganar ramin nan ba ku gaisawa sai a gabana. Mutari, ka ce ba za ka ɗauki umarni daga yarinyar da ka goya ba. To, ba umarni ba ne, aiki ne. Ke kuma Balkisu, bakinki ya yi kaifi. Ki riƙa ce masa yaya, ki zauna ki bayyana masa zanenki yadda kika bayyana mini. Takardarki ba za ta tsaya da kanta ba sai da hannunsa.

Na ƙarshe. Ranar da na cika, kada a sare reshe ko ɗaya don rufe kabarina. Na tambayi liman, ya ce ɗanyen tubali ya halatta. Balkisu ta fidda awo, tunda ba za ta je maƙabarta ba. Mutari ya sauka kududdufi ya kwaɓa ƙasar da kansa. Tubali yana son kwanaki kafin ya bushe, ni kuma ban san ranata ba, saboda haka ku fara gobe, ku biyu. Ina son in ji muryoyinku daga ɗakina.

Allah ya yi muku albarka, ya sa albarka cikin abin da za ku gina. Ku riƙe uwarku, ku riƙe juna. Na yafe muku duniya da lahira. Idan tubalin ya bushe ku kawo mini guda in taɓa.