Ɗakin da Anselmo Ya Haƙa

Unguwar Kogwanni, Guadix

Zuwa ga Yaya Virtudes,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da mijinki Oriol da mutanen Barcelona. Mama na gaishe ki. Bayan gaisuwa, na karanta mata takardarki tun daga sama har ƙasa, ban tsallake ko layi ɗaya ba.

Da na kai inda kika ce kina da juna biyu, sai ta yar da tsintsiya ta fita a guje, ta kafa baki a bututun hayaƙin Inna Pura da ke ƙasa da mu, ta zuba mata albishir ta ciki. Da na kai inda kika ce ba za ki zo ba, hoto za ki aiko, sai ta dawo ta ɗauki tsintsiyarta. Tun ranar take share wurin da ba datti.

Hoto, Yaya? Hoto za ta goya?

Kin kuma ce in daina rubuta sunan unguwarmu a bayan ambulan. Dubi saman takardar nan. Na rubuta, kuma zan ci gaba da rubutawa har alƙalami ya ƙare. Me ke abin kunya a kogo? Wa ya taɓa kwana da rawar ɗari a gidanmu, wa ya taɓa gumi da bazara? Na karanta a jaridar da aka ƙunso mana kifi cewa mutanen garinku suna zaune wani kan wani kamar kaji a akurki, kuma wai har biya suke. Mu nan in gida ya yi kaɗan, diga muke ɗauka mu ce wa tudu ya matsa.

Kin san marigayi Baba bai taɓa jin an ce da ciki a gidan nan ba face ya fara haƙa ɗaki. Ya haƙa naki, ya haƙa nawa. Yanzu digarsa tana hannuna, kuma na fara na ɗanki, daga bayan madafa. Ki zo ko kar ki zo, ni dai ina haƙa.

Ki gaida dogon mijin nan naki. Ƙanenki,
Anselmo

*

Barcelona

Zuwa ga ƙanena Anselmo,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da Mama, na sami takardarka. Har yanzu bakinka ya fi hankalinka sauri.

Bari in faɗa maka abin da ba ka sani ba. Surukata, Uwargida Montserrat, tana da shagon yadi, kuma a gidanta muke zaune. Tun kafin aurenmu na ji ta ce mutanen kudu da ke kwana a rami ba su da bambanci da zomaye. Da ta tambaye ni gidanmu, sai na ce yana kusa da coci. Ban yi ƙarya ba, amma ban ƙarasa ba. Ko Oriol bai sani ba. Shi ya sa aka ɗaura auren a nan, kuka zo ku biyu kuka koma. Kai kana karanta jarida kana hura hanci, ni ce nake cin abinci a teburinta kullum.

Ka ajiye digar nan. In kuma ka ƙi, shin ka roƙi maƙwabcinmu Baba Cipriano ya riƙa ƙwanƙwasa bangonsa kana saurare? Bayan madafarmu ta wajensa yake. Baba bai taɓa sara ƙasa ba sai maƙwabci na bugawa daga nasa ɓangaren.

Ka sumbaci hannun Mama a madadina. Yayarka,
Virtudes

*

Unguwar Kogwanni, Guadix

Zuwa ga Yaya Virtudes,

Gaisuwa irin ta kullum. Mama lafiya, sai dai ciwon gwiwa.

Zomaye! Ki ce wa Uwargidan yadi zomo bai taɓa biyan haya ba.

A'a, ban roƙi Baba Cipriano ba. Ba ma magana tun ranar da ya same ni ina karatu a wurin kiwo ya sa mini suna lauyan awaki, ni kuma na ce masa gara lauya da tsohon da jakinsa ya fi shi ilimi. Na ce a raina ai na karanta littafin awo da limamin coci ya yar, ina ruwana da ƙwanƙwasar wani tsoho. Takardarki ta iso a makare.

Ranar Talata da hantsi na kai sara, sai na ji diga ta wuce babu abin da ya tare ta. Ƙasa ta zube. Da ƙura ta lafa, ga Baba Cipriano zaune a ɗakinsa na ƙurya da kwanon wake a cinya, laka ta cika kwanon. Ya dube ni, ya dubi waken, ya ce, "Lauya, ƙofa ta gaba take."

Kan ka ce me, unguwa ta cika gidajen biyu. Yara na leƙe ta ramin, Inna Pura na dariya har da riƙe bango. Mama ta ja gyale ta rufe fuska. Dattawa suka zauna, hukuncin kuwa kin san shi: wanda ya fasa wa maƙwabci, shi zai mayar da ƙasar da ya kwashe, ya toshe ɗakin gaba ɗaya da hannunsa. Na ce na ji, ban yi musu ba. Laifina ne, kuma ba a gidanmu aka koyi gudun hukunci ba.

Sai tsohon ya tambaya wai ɗakin na wane ne, ko amarya zan yi, don a je a yi wa yarinyar jaje. Na ce na ɗan Virtudes ne. Ya ajiye kwanon. Ya ce shi da marigayiya Encarna sun haƙa wannan ɗakin na ƙurya a shekarar aurensu, suka yi ta jira, Allah bai kawo mai kwana a ciki ba, shi ya sa yake cin wake a nan. Wallahi Yaya, ban san haka ba, ke kin sani?

Ya ce, "In jaririn zai kwana a nan, kar a toshe. A faɗaɗa ramin ya zama ƙofa, a gina bango ta wajena, ɗakunan biyu su zama nasa. Amma za ta zo kuwa? Na ji an ce ta zama 'yar birni."

Kowa ya juyo yana kallon Mama. Ni kuwa kin san bakina. Na ce, "Za ta zo. 'Yar Baba ce."

Ya ce to, ya ba ni har lokacin girbin alkama. In ba a ji kukan jariri a ciki ba, in ɗauki baro in fara mayar da ƙasa.

Ga yadda ake ciki. Na yi alkawari da sunanki a gaban duk unguwa ba da izininki ba, na sani. Ba zan rubuta wa mijinki ba, wannan maganarki ce, ba tawa ba. Ba kuma roƙonki nake ba. In ya kama in toshe, zan toshe kaina a sama, baro bayan baro. Sai dai ki sani, tsohon nan ya fara kwashe tarkacensa daga ɗakin, kuma jiya na same shi yana goge kaifin bakin ramin da tafin hannu, wai kar yaro ya kurje.

Ƙanenki mai taurin kai,
Anselmo

*

Unguwar Kogwanni, Guadix

Yaya,

Gaisuwa. Mai kawo wasiƙa ya gaji da ganina, yanzu daga nesa yake kaɗa mini kai. Alkama ta fara ja. Mama ta ce in gaya miki ba ta fushi. Ni ina yi.

Baba Cipriano ya ara mini baronsa da kansa, wai nawa ƙafarsa ta karkace. Bai yi mini ba'a ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Ki huta lafiya.
Anselmo

*

Barcelona

Zuwa ga ƙanena Anselmo,

Gaisuwa gare ka da Mama da Baba Cipriano.

Na haihu, mace. Muna lafiya.

Ranar da dangin Oriol suka taru ganin jaririya, wata ta ce Allah ya so yarinyar, an haife ta a gidan mutane. Na miƙe da jaririyar a hannu na ce a kogo aka haife ni, a ɗakin da ubana ya haƙa da hannunsa, kuma 'yata tana da ɗakuna biyu a can, alhali ba wanda ya ba ta ko ɗaya a nan. Surukata ba ta yi mini magana ba har yau. Oriol ya yi kwana biyu yana fushi, ba don kogon ba, don ɓoyewar. A na uku ya je ya sayo tikitin jirgin ƙasa.

Muna tafe ranar Asabar. Kar ka shafa wa ɗakin farar ƙasa, ka jira ni, ba ka iya ba.

Yayarka,
Virtudes