Fitowar da Ruwa Ya Cinye

Zuwa ga ɗana Sani,

Assalamu alaikum. Yaya kake, ya Hajara da yara? Ni da sauƙi, sai ciwon ƙafa da shirun ɗaki.

Jiya a wajen 'yan gwanjo a kasuwa na tsinci mujallar zanen nan ta Ingila da nake fassara maka kana ƙarami. Fitowar da ruwa ya lalata mana ce, har ka yi kuka don ba mu san ko sojan ƙarfen ya dawo daga duniyar wata ba. Ƙarshen da na ba ka, ni na ƙirƙira.

Idona ba ya ganin rubutun yanzu. Ga ta na aiko, ka kira ni ka karanta mini.

Ka gaida kowa, a sa ni a addu'a.

Mahaifinka