Ƙwayar da Muka Zaɓa wa Inna

Yaya,

Assalamu alaikum. Da fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali. Allah Ya ƙara ƙarfin jiki, Ya sa albarka a nema. Mu nan kowa kalau. Cikina ya shiga wata bakwai, ƙafafu sun kumbura har takalmin aiki ya ƙi shiga.

Maganar Inna ce ta sa na ɗauki biro. Ka san ramar nan da take yi, ga rawar hannu, ga bugun zuciya. Na kai ta sashenmu na asibiti, inda muke aiki da sinadaran nukiliya. Da farko aka yi mata allurar teknishiyam, wanda ƙarfinsa ke raguwa da rabi duk awa shida. Shi ba ya magani, hoto kawai yake fitarwa. Hoton ya nuna 'yar tsokar nan ta gaban wuya, mai kumbura ta zama maƙoƙo, ita ce ke aiki fiye da kima. Likita ya zaɓi aidin na nukiliya, wanda ake sha a ƙwaya, domin tsokar da kanta take zuƙe shi, ya lafar da ita. Sai dai shi kwana takwas yake yi kafin ya ragu da rabi, kuma wanda ya sha dole ya nisanci yara da masu ciki.

Nan fa Inna ta tubure. Wai ba za ta sha abin da zai raba ta da 'yarta mai ciki ba, a bari sai na sauka. Ni kuwa na ga sakamakon gwajin zuciyarta, na san ba abin jira ba ne. Na ɗauko kalanda na nuna mata: in ta sha yanzu, kafin haihuwa an gama, in ta jira, jaririn ne za a hana ta ɗauka. Ta duba kalandar, sannan ta ce a kawo.

Shekara tara ina auna wa iyayen wasu wannan ƙwayar, Yaya, amma ta Inna abokiyar aikina ce ta miƙa mata, ni ina bayan gilashi. Ta haɗiye, ta ɗaga min kofin tana dariya. Ni ce na yi kuka.

Yanzu tana ɗakin baya, kwanonta da kofinta daban. Kullum da safe ina zama a baranda, ita tana taga tana yi min faɗa wai ba na cin abinci. Likita ya ce ranar Litinin zan iya matsowa kusa. Da na gaya mata, ta ce ita ma yanzu ta iya lissafin, ta ƙara kwana biyu da kanta, don ba da jikanta za a yi gwaji ba.

Gwaggo da Kawu mai walda suna gaishe ka. Ka gaida min Anti, ka shafa kan 'yan biyu. Ka kira Inna da hantsi, lokacin ta fi walwala.

Ƙanwarka,
Auta