Zoben Ƙarya a Kunnen Kifi

Litinin, 2 ga Oktoba
Wuni na yi a kan madubin ƙara girma, ina duba 'yan duwatsun da ke cikin kunnen mirna, kifin tekun da muke bincike a kansa. Kowane zobe a jikin dutsen shekara guda ne a rayuwar kifin. Na bana duk yara ne, yawancinsu ko ƙwai ba su taɓa saki ba. In rahotonmu ya tafi wa hukuma a Rabat a haka, rufe kamun za a yi.

Juma'a, 6 ga Oktoba
Kuskus a gidan ƙanena Bushta, da mirnar jirginsa. Kowane kifi bai fi tafin hannuna ba. Ya ce, "Yaya, ci kawai, kar ki tambaye su ranar haihuwa." Aka yi dariya, har da ni. Da ya rako ni ƙofa sai ya rage murya: "Ki sassauta ido mana. In aka rufe, ma'aikatana Ispaniya za su tsallaka, kuma ba dawowa." Na karɓi kifin da matarsa Zuhur ta ƙunsa mini.

Talata, 10 ga Oktoba
Akwai wani zobe dishi-dishi kusa da tsakiyar dutsen kunnen. Na ƙarya ne, yakan fito sa'ad da ɗan kifi ya sauka ƙasan teku. Kowa ya san ba a lissafa shi. Yau na lissafa. Tire guda cur na duwatsun, kowane kifi na ƙara masa shekara.

Laraba, 11 ga Oktoba
Malaminmu na allo yakan ce wanda ya toza wa ɗan'uwansa mudu, wani ya tauye wa.

Alhamis, 12 ga Oktoba
Na sake duba tiren, na gyara, na kai wa shugabarmu Dakta Nazha. Ta ce, "Haba Lalla, ido ne, wa ba ya kuskure?" Na bar ta a kan kuskure ne. Wannan ma yana wuyana.

Juma'a, 3 ga Nuwamba
An rufe kamun. Bushta bai kira ba. Zuhur ta ce ya ce a gaida lauyar kifaye. Mutum biyu sun riga sun bar jirgin.

Lahadi, 5 ga Nuwamba
A sujadar asuba na daɗe ina roƙon Allah Ya bar ƙananan kifayen nan su girma, su hayayyafa. Sai bayan sallama na tuna ban ambaci Bushta ba. Na ɗaga hannu na yi masa tasa addu'ar. Ba ta kai waccan tsawo ba.