Ban San Inda Aka Kwantar da Mijina Ba

Bi Zuhura, don girman Allah ki ba ni shawara, kaina ya kulle.

Ni 'yar Lamu ce. Ni da mijina Shee ba mu da gida a tudu, ɗan jirginmu na ruwa mai filafili shi ne ɗakinmu, shi ne komai namu. Allah bai ba mu haihuwa ba. Duk tsibirin da muka sauka, sai ya fito da kekunanmu biyu mu zaga. Yana gaba yana waiwaye: "Kunkuru, ko in aiko miki da jaki?" Ni kuma in ce masa tsohon banza, mu haɗu a gangara.

Zazzaɓi ya kama shi a hanyarmu daga tsibirin Mafia. Da kyar na kawo mu Pemba, nan ya cika. Mutanen ƙauyen suka yi masa sutura kamar ɗansu, Allah ya saka musu. To amma kin san mu mata ba ma bin gawa. Ina zaune a tabarma aka fita da shi, ana tafka ruwa. Na yi takaba a ɗakin wata dattijuwa, Bi Mtumwa. Ranar da na fita na tarar tsatsa ta cinye sarƙar kekena, sai na hau nasa.

Nan kowane dangi da maƙabartarsu a cikin gonakin kanumfari, ba suna, ba alama, sai ciyawa. Kunya ta hana ni tambaya, mace a kan keke ma ta ishe su kallo. Kullum ina zagawa, in ratsa tabarmin kanumfarin da aka shanya a bakin hanya, duk tudun ƙasar da na gani in tsaya in yi sallama. Wallahi na sha yi wa shuri addu'a. Sirdin ya yi min tsawo, da kan yatsu nake taka feda, ƙuguna kamar zai ɓalle, amma na kasa sauke shi. Hannunsa ne ya ɗaure shi a nan.

Yanzu ƙaninsa Athman ya zo taya ni mayar da jirgin gida. Iskar kudu da muke kira kusi, wadda za ta kai mu arewa, ta kusa ƙarewa, in ta juya kuma igiyar ruwa za ta farfasa jirgin a inda yake. Jiya ya ce min, "Matar yaya, kin rasa miji, so kike ki rasa ɗaki?" Na yi kuka har na gode Allah. Ta yaya zan bar mutum a ƙasar da ban san ko ina ba?

Matar Matuƙi, Pemba

Ƙanwata, Allah ya ji ƙan Shee, ya ba ki haƙuri.

Athman ya yi kaushin baki, amma bai yi ƙarya ba. Jirgin nan shi ne rufin asirinki, kuma iska ba ta san takaba ba. Ke ma ba hauka kike ba. Wanda bai ga inda aka ajiye nasa ba, zuciyarsa ba ta yarda an tafi.

Sai dai kin ba kanki wahalar da ba dole. Kin yi watanni a ɗakin Bi Mtumwa, kina tsammanin ba ta san a maƙabartar wa aka sa baƙonta ba? Mata ba sa bin gawa, amma su ke zuba wa masu haƙa ruwan wanke hannu, komai a kunnensu yake. Yau ɗin nan ki faɗa mata. Ta yi wa liman magana, Athman ya je tare da wanda ya haƙa, ke ki tsaya inda mutanen garin suka yarda mace ta tsaya, a nuna miki. Tambaya ba abin kunya ba ce ga wadda ta rasa miji.

In an nuna, ki yi sallamarki ki bi kusi. In ciyawa ta rikita su, ki tafi duk da haka. Addu'a ba ta ɓata hanya, daga tsakiyar teku ma za ta same shi.

Kafin ki sa keken a jirgi kuma, ki nemi sifana ki sauke sirdin nan. Mutumin da ya yi ta waiwaye don kada a bar ki a baya ba zai so ki gurgunce a kan kekensa ba. Naki ne yanzu, ki hau shi daidai tsayinki.

Allah ya kai ku Lamu lafiya.

Bi Zuhura